Harafin Babana

Shekara talatin da ɗaya Eusebio Arrieta
yana jera bulo a Fresno.
A katin da ke aljihunsa na baya,
wanda zufa ta cinye wa gefe,
harafi ɗaya ne da lamba: C-29.
Wato magini. Bulo, dutse, da kwaɓin da ke riƙe su.
Nan gonarsa ta tsaya.
Rufi na wani ne, wayar wuta ta wani ce,
ko famfon wanke hannu ba shi da ikon sa wa hannu.

Masu A ke da gadoji da madatsun ruwa.
Masu B ke karɓar gini ɗungurungum,
su fede shi, su miƙo wa irin babana
abin da ya rage jikin ƙashi.

Ni ce mai riƙe masa littafin kuɗi,
don haka ina nan ranar da tsoho Hovsepian ya zo,
mai sana'ar zabibi, hularsa a hannu.
Sito yake so, babba, mai ƙofa shida ta manyan motoci.
Ya ce, Eusebio, kai nake so,
katangar da ka yi wa mahaifina har yau ba ta tsage ba.
Babana ya dubi tafin hannunsa
kamar a can aka rubuta dokar.
Ya ce, harafina bai kai ba.

Aikin ya faɗa hannun Colby Vanderham,
ɗan shekara ashirin da tara, mota sabuwa, B a ƙofarta.
Shi kuma ya ɗauki babana ya yi masa bango.
Na ga babana da asuba, kafin kowa ya iso,
yana gyara igiyar awon yaron da yatsa biyu,
bai taɓa faɗa masa ba.

Da sanyi ya shigo sai ga littattafai a teburin cin abinci,
kowanne ya fi bulo kauri.
Ina karanto tambaya, yana amsawa da ido a rufe.
Nawa ne tazarar katakon rufi?
Wane irin ƙusa? Ina hanyar fita in wuta ta tashi?
Mutumin da ke gane karkatar bango daga tsallaken titi
yana gumi a kan zaɓi huɗu.
Mama ta ce, tsufa da makaranta.
Ya ce, ai icen ma bai gama bushewa ba.

Sai takardar shaida: dole wani mai lasisi ya rantse
cewa babana ya san gini.
Wa zai rantse?
Colby ya karanta ta a kan bonet,
kunnuwansa suka yi ja.
Ya ce, ai na ga igiyar. Kullum ina gani.
Ya sa hannu, biron na rawa.

Karon farko ya faɗi.
Kwamfutar ta gaya masa nan take, ba ko sannu.
Muka ci abinci a mota, ba wanda ya ce uffan.
Karo na biyu ya fito yana neman tabaraunsa,
alhali yana bisa goshinsa.

Katin ya iso a makon da likita ta ce
gwiwoyin nan sun gama durƙuso.
Yanzu yana da B, yana da kujera a inuwa,
da yara huɗu da yake wa tsawa a kan kwaɓi.

Sabon katin yana bayan tsohon, ba gabansa ba.
Na tambaye shi dalili, ya ce mantuwa ce.
Ran Lahadi, in mun wuce siton Hovsepian,
sai ya ce in rage gudu.
Ba sunansa a allon ƙofa.
Yana dai ƙirga layukan bulo da leɓe,
har mu sha kwana.